Gonar Gado Da Sunan Makaranta

Bayan an gama roron wake a kakar da ta wuce, na tafi ƙauyen kakannina na wajen uwa, a ƙasar Dambatta, domin gaisuwar wata rasuwa. Da aka shafa fatiha jama'a suka watse, sai wani kawuna ya ja ni zaure ya ce yana da magana. Ɗansa, wanda taubashina ne ko da yake na ba shi shekara fiye da ashirin, ya zauna jarrabawar shiga jami'a sau biyu yana neman karatun likita, sau biyun kuma makinsa yana kasawa. A karo na biyu an nuna masa cewa in ya yarda ya sake fanni, akwai gurbi a sashen aikin gona. Yaro ya ƙi, uba ma ya ƙi. Abin da kawu ya ƙudurta shi ne ya jinginar da babbar gonarsa, wadda ya gada daga mahaifinsa, ya kai yaron wata jami'a ta kuɗi mai suna, ko a nan gida ko a ƙasar waje. Ya dube ni ya ce, "Malam, kai ka yi karatun nan iri biyu. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, akwai laifi cikin abin da zan yi?"

Ban iya ba shi amsa nan take ba, sai da na kwana biyu ina juya maganar. Na kawo ta wannan fili ne domin na tabbata ba zauren kawuna kaɗai ake yin ta ba.

Da farko dai kada mai karatu ya ɗauka kawuna mutum ne mai neman suna kawai. Wanda ya san ƙasar da ke arewa da birnin Kano, tun daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Dambatta, ya san babu sauran daji a cikinta. Gona tana jikin gona, abin da ya raba su ɗan layin gamba ne ko na lalle. Tun cikin shekarun 1960 wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya rubuta cewa mafi yawan ƙasar nan noma ta ake yi kowace shekara ba hutu, da taki ake riƙe da ita, har da wanda ake ɗaukowa daga birni a kan jakuna. Daga wancan lokaci zuwa yau an raba gado sau biyu, wani gidan ma sau uku, ita kuwa ƙasa ba ta ƙaru da taƙi ɗaya ba. Kawuna yana da 'ya'ya tara, maza biyar, mata huɗu. Ya riga ya yi lissafi ya ga in ta Allah ta kasance a kansa, abin da kowane namiji zai samu ba zai cika masa rumbu ɗaya ba. A wurinsa takardar shaida ita ce sabuwar gonar da ba a rabawa, kuma yana so ya yi wa gidansa shuka a inda ya ji an ce ƙasar ta fi kyau. Wannan tunanin uba ne mai hangen nesa, ba ni da abin da zan zarge shi da shi a nan.

Kuma ba shi ya jera makarantu hawa-hawa ba, a jere ya same su. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita da shugabannin makarantu sun tsayar a 2024 cewa mafi ƙarancin makin shiga jami'a shi ne 140 cikin 400, amma na kwalejin fasaha da kwalejin horon malamai 100 ne. Karatun likita kuwa yana neman abin da ya ɗara waɗannan nesa ba kusa ba. Manomin da bai taɓa shiga aji ba ma ya gane abin da waɗannan alƙaluma ke faɗi. Bayan an fito kuma, mai babbar difloma ta HND, wanda ya yi shekara huɗu a aji da shekara guda ta koyon aiki a tsakani, ya daɗe yana ganin ana tsayar da shi a wani mataki na aikin gwamnati, mai digiri yana wuce shi. Majalisar Tarayya ta amince da dokar soke wannan bambanci a 2021, amma ba a sa mata hannu ba har wa'adin wannan majalisa ya ƙare a 2023. Kai, har wajen neman aure ana tambayar wace makaranta saurayi ya yi kafin a tambayi halinsa. Saboda haka duk malamin da zai hau mumbari ya ce suna ba kome ba ne, ya san bai faɗa wa talaka gaskiya duka ba.

To, amma tambayar da ta kamata a yi ita ce, makarantar ce take gyara yaro, ko kuwa yaron da ya riga ya gyaru ne take zaɓa? Wasu masana biyu a Amurka, Stacy Dale da Alan Krueger, sun bi diddigin wannan a wani bincike da suka buga a 2002. Dabararsu mai sauƙi ce. Sun kwatanta ɗaliban da suka nemi makarantu iri ɗaya aka kuma karɓe su a iri ɗaya, amma wasu suka tafi mai babban suna, wasu suka tafi mai matsakaicin suna. Bayan shekaru sai suka tarar abin da suke samu kusan ɗaya ne. Watau ƙwazon da ya sa babbar makaranta ta karɓi yaro, shi ne yake bin sa duk inda ya tafi. Sai dai akwai wani ɓangare na binciken da bai kamata in ɓoye ba don kawai ya goyi bayan kawuna: 'ya'yan marasa ƙarfi su kam sun ci ribar shiga babbar makaranta. Dalilin da ake kawowa shi ne, ɗan mai hali ya riga ya gaji mutane, ɗan talaka kuwa a makaranta yake samun waɗanda za su buɗe masa ƙofa. In haka abin yake a Amurka, ina ga ƙasarmu, inda yaro kan gama bautar ƙasa ya yi shekaru yana yawo da takardu a cikin ambulan, ana tambayarsa wa ya aiko shi?

Ni abin da na lura da shi a nan gida shi ne, fanni ya fi sunan makaranta nauyi a sana'o'in da ke da ƙofa mai makulli, irin likitanci da haɗa magunguna da jinya da lauyanci. A waɗannan, majalisar sana'ar ce take ba da lasisi, kuma mara lafiya ba ya tambayar inda likita ya yi karatu kafin ya miƙa hannu a yi masa allura. Lauya ko daga wace jami'a ya fito sai ya bi ta makarantar horon lauyoyi, wadda reshenta ɗaya yake Bagauda. A sauran fannoni kuwa, masu takarda sun fi kujeru yawa, har takardar ta zama kamar kuɗin da aka buga da yawa. Wani Baturen Ingila, Ronald Dore, ya rubuta littafi a 1976 ya kira wannan hali ciwon takardar shaida. Ya ce ƙasar da ta makara wajen shiga zamani ta fi dogara da takarda wajen raba aiki, sai darajar takardar ta riƙa faɗuwa, karatu kuma ya koma shirin cin jarrabawa kawai. Ƙarshen wannan ciwo mun gan shi da idonmu a watan Disamba na 2023, sa'ad da wani ɗan jarida na Daily Nigerian ya bayyana yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna aji ba, har gwamnati ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo a farkon 2024. Iyaye nawa ne suka sayar da shanu da gonaki domin irin wannan takarda? Wanda ya saya yana sane ya ci amanar duk wanda zai zauna a gabansa neman magani ko ilmi, wanda aka yaudara kuwa ya yi asarar gona da shekaru gaba ɗaya.

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke ɗaukar wannan jeri na daraja kamar daga sama ya sauko, alhali kuwa juyawa yake yi kamar inuwa. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920, ita ce makaranta mafi suna a duk Arewa, kuma malaman makaranta aka kafa ta ta horar. Sardaunan Sakkwato ya fito daga cikinta ya koyar a Midil ta Sakkwato. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito ya koyar a Midil ta Bauci. Malam Aminu Kano, wanda ya yi karatu bayan makarantar ta koma Kaduna, ya koyar a Bauci da Maru. A wancan zamani yaron da ya fi kowa kai shi ake ba alli. Mu kuwa a 2024 mun sa ƙofar koyarwa a maki 100, muna tura mata wanda sauran ƙofofi suka ƙi, sa'an nan muna mamakin me ya sa yaron ƙauye yake zuwa jarrabawa da ƙarancin lissafi. Makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, waɗanda Jihar Kano ta buɗe a 1977, sun fitar da likitoci da injiniyoyi masu yawa da ake alfahari da su yau. Wa ya koya musu? Ai ba likita ba ne ya tsaya a gaban allo.

In muka ƙara komawa baya sai mu ga abin da ya fi wannan. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi bayani a farkon littafinsa Ihya'u Ulumiddin cewa likitanci da lissafi farali ne na kifaya, watau in gari ya rasa mai yin su kowa ya ɗauki alhaki, in wani ya tsaya musu kuwa an ɗauke wa saura. Ya kuma sa noma da saƙa da ɗinki, har da ƙaho, a cikin wannan sahu. Sa'an nan ya koka da cewa garuruwa da yawa a zamaninsa ba su da likita Musulmi ko ɗaya, alhali ɗalibai sun yi cincirindo a kan fiƙihu, musamman mas'alolin saɓani da jayayya. Bai ɓoye dalilin ba: likitanci a lokacin ba ya kai mutum ga alƙalanci, ko riƙon dukiyar waƙafi da ta marayu, ko shiga gaban tsara. Duba fa, mai karatu. Fannin da kawuna zai jinginar da gona dominsa shi ne wanda aka guje wa a zamanin Gazali don ba shi da suna. Cutar ita ce dai ta jiya, wurin da take fitowa ne ya sake. Da Gazali zai zaga ƙasar Bichi da Kunci da Makoɗa yau, ina zaton abin da zai ƙirga shi ne malamin gona nawa ke zuwa wa manoma, malamin dabbobi nawa, ungozoma nawa, malamin lissafi nawa, likita nawa ne kuma ya yarda ya zauna a asibitin karkara. Domin gaskiya ne muna da ƙarancin likitoci ƙwarai, amma da yawa daga cikin waɗanda aka sha wahala aka horar, shekara shida a jami'a da shekara guda ta sanin makamar aiki, suna Saudiyya da Ingila. Ba na zarginsu ɗaya ɗaya, kowa ya san abin da ya kore shi. Ina dai cewa faralin kifaya ba ya sauka daga wuyan mutanen Dambatta don an ce ɗansu likita ne a Jidda.

Yanzu sai batun niyya, wanda a nan ne mutane kan yi kuskure ta fuska biyu. Wasu suna ganin duk wanda ya zaɓi fanni don abinci ya ɓata niyyarsa. Wannan tsanani ne da shari'a ba ta ɗora wa kowa ba. Gargaɗin da malamai suka yi mai zafi a kan neman duniya da ilmi, a kan ilmin addini suka yi shi. Likitanci da injiniyanci da aikin gona sana'o'i ne, neman halal da su kuwa abin yabo ne, balle ga wanda yake da iyaye tsofaffi da ƙanne a bayansa. Yaron da ya zauna ya auna wane fanni ne zai ba shi aiki bai yi laifi ba, hankali ya yi. Kuskure na biyu shi ne a sa wa alfahari rigar neman halal. Na tambayi kawuna, na ce, "Kawu, da za a ba ka tabbaci cewa abin da zai samu a aikin gona daidai yake da na likita, za ka bar shi ya tafi?" Ya yi shiru, ya daɗe yana wasa da carbi, sa'an nan ya ce, "Ɗan wane ya zama likita." Ya ambaci wani maƙwabcinsa da suka yi shekara talatin suna ja-in-ja a kan iyakar gona. Ban yi masa dariya ba, don na san irin wannan yana cikin zuciyata ni ma game da nawa 'ya'yan. Gazalin nan da kansa, a 1095, yana koyarwa a Nizamiyya ta Bagadaza, makarantar da babu kamarta a duniyar Musulmi ta lokacin, da ɗalibai wajen 300 a gabansa, ya binciki zuciyarsa ya tarar neman girma da suna ne ke tafiyar da shi, ya ajiye kujerar ya fita. Ba a ce kowa ya yi haka ba. Amma in mai wannan daraja ya sami abin a zuciyarsa, ni da kawuna ba mu da hujjar cewa mun tsira.

Inda na ga laifi sosai, wanda kuma shi na faɗa wa kawuna ba tare da kwana-kwana ba, shi ne haƙƙin sauran 'ya'ya takwas. Ciyar da ɗa a kan karatu gwargwadon bukatarsa yana cikin ɗawainiyar uba, ba dole ne a kashe wa kowa daidai da na ɗan'uwansa ba, kamar yadda ba a ɗinka wa jariri riga daidai da ta saurayi. Amma a ɗauki gonar da ita ce abincin gida duka a sa ta a kan mutum ɗaya, wannan ya wuce ciyarwa. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta nuna karhanci ne mutum ya ba wani daga cikin 'ya'yansa dukiyarsa duka, ko da yake ba shi wani abu daga ciki ya halatta. Labarin Nu'umanu ɗan Bashir kuma sananne ne, wanda mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi zama shaida a kanta. Ga kuma ita kanta jinginar yadda muke yin ta a karkara, mai kuɗi ya ba da rance ya karɓi gona yana nomawa yana cin amfaninta har ranar da aka biya shi kuɗinsa cif. Malamanmu na Malikiyya ba su yarda mai ba da rance ya ci amfanin abin da aka jinginar masa ba. Wannan mas'ala ce da ke bukatar makonta daban, amma kowa ya san gonaki nawa ne suka tafi ta wannan hanya ba su komo ba.

Kawu ya ce ai in yaron ya zama likita zai ɗauki nauyin kowa. Mai yiwuwa ne, Allah Ya sa. Amma alkawari ne da uba yake yi a madadin yaro ɗan shekara ashirin, a kan abin da sai bayan shekara takwas za a gani, in ba a yi yajin aiki ba, in kuɗin makaranta bai tashi ba, in naira ba ta ƙara faɗuwa ba. Wanda ya yi karatun likita a waje kuma sai ya ci jarrabawar majalisar likitoci ta ƙasa kafin a ba shi lasisi, ba kowa ke ci ba. Waɗanda suka tura 'ya'yansu Sudan sun ga yadda yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya komo da su da karatu rabi. Su kuwa ƙannen, waɗanda za su yi waɗannan shekaru suna ƙodago a gonar wani, ba wanda ya nemi yardarsu.

Da yamma na kira yaron muka zaga bayan gari. Na ce masa, "Taubashi, me kake so da likitanci?" Ya ce yana so ya taimaki marasa lafiya, kuma na ga alamar da gaske yake. Na ce to ga karatun jinya, ga na haɗa magunguna, ga na gwaje-gwajen asibiti, duka taimakon marasa lafiya ne, kuma makinsa zai iya kai shi wani daga ciki. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, abokaina dariya za su yi mini." Da na ambaci Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako, wadda take nan ƙasarsu, sai ya dube ni kamar na zage shi. Alhali kuwa a kasuwar Dawanau, wadda ba ta da nisa da su, ana loda riɗi da zoɓorodo da waken suya zuwa ƙasashen waje, kuma masu wannan ciniki suna bukatar wanda ya san iri da maganin ƙwari da ajiya. Ban ce masa aikin gona zai sa shi arziki ba, don na san masu digirin noma da ke zaune ba aiki. Na dai ce masa shekara biyu da ya yi yana jira, su ma dukiya ce da ta tafi.

Sai da zan tafi na ji abin da ba wanda ya gaya mini a zaure. Ƙanwarsa, wadda ke bi masa, ta gama sakandare da sakamako mai kyau, tana so ta shiga makarantar ungozoma ta Dambatta. Abin da ake bukata dominta bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ake nema wa yayanta ba, ana iya fitar da shi daga buhunan wake da raguna biyu. A ƙauyen nan mata da yawa a gida suke haihuwa, wasu don nisa, wasu don ba sa so namiji ya karɓi haihuwarsu, kuma rasuwar da ta kai ni garin ma ta mai naƙuda ce. Uwarta ce ta tare ni a soro ta faɗa mini, murya ƙasa-ƙasa, ta ce an ce a dakata da batun yarinyar sai an ga yadda na yayanta ya kasance.

Na koma wurin kawu na gaya masa abin da na gani: babbar gona ta zauna, a fara da yarinya bana, shi kuwa yaro a ba shi zaɓi tsakanin gurbin da ya samu da wani fanni na asibiti da makinsa ya kai, in kuma ya nace sai ya sake zama jarrabawa, to ya yi noman rani a bakin madatsar ruwa ta Tomas ya biya kuɗin da kansa. Kawu ya saurara har na gama, ya ce zai yi shawara da ƙaninsa in sun sayar da gyaɗa. Da na yi waya makon jiya aka ce an sayo wa yarinyar takardar neman shiga. Gona kuwa tana nan, amma mai kuɗin da ya yi tayin karɓar jinginar ya zo gaisuwa sau biyu.